Daga Shara Mansur: Mu'askarin Barmaja, Riba ko Asara?

  A wannan karo zan taɓa wata tambaya da ta yi ta zuwa mini daga ƙannenmu maza da mata, kusan da lafazi ɗaya: "Yaya, in shiga mu'askarin barmaja ko kuwa ɓarnar kuɗi ce?" Wasu ma har da cewa iyayensu mata sun yarda su ba su kwasar adashi in dai abin zai kai ga aiki. To, tunda magana ta kai ga adashin iyaye mata, ai ta wuce wasa, dole mu zauna mu yi mata filla-filla.

Ga wanda bai saba da kalmomin ba, barmaja ita ce rubuta manhajar kwamfuta ko ta wayar salula, mai yin ta kuma shi ne mubarmij. Mu'askar kuwa shi ne abin da Turawa ke kira butkam, sun aro sunan daga sansanin horar da sababbin sojoji. Wato makaranta ce ta gaggawa, wata uku zuwa shida, daga safe har yamma, a yi ta ɗura maka darasi da aiki, daga ƙarshe a ba ka shahada a ce ka je ka nemi shugul.

Bari in faɗi ra'ayina tun da wuri don mai sauri ya wuce. Mu'askar yana da amfani ga wanda ya riga ya fara koyo da kansa, kuma takardar da ke aljihunsa za ta bar shi ya yi aiki da abin da ya koya. Wanda bai cika waɗannan biyun ba, musamman in bashi zai ci, ya dakata tukuna. Abin da zai biyo baya duk hujja ce.

Daga ina abin ya faro?

Abin ya faro ne a Amurka wajen 2011 da 2012, lokacin da kamfanonin fasaha ke neman masu barmaja ido rufe. An buɗe General Assembly a birnin Niyok a 2011, aka buɗe Dev Bootcamp a San Faransisko a 2012, daga nan sai makarantun suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina. A wancan lokaci lissafin yana fita, domin kuwa aiki ya fi ma'aikata yawa, kamfani zai ɗauki ɗan koyo ya ƙarasa horar da shi da kuɗinsa.

Amma kasuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ita kanta Dev Bootcamp ɗin an rufe ta a 2017. Sai ga wata mai suna Lambda School da ta zo da tsari mai daɗin ji: kada ka biya ko sisi yanzu, in ka sami aiki ka riƙa ba mu kashi 17 cikin ɗari na albashinka har shekara biyu. Daga baya ta sauya suna zuwa BloomTech. A watan Afrilun 2024 hukumar kare masu cin bashi ta Amurka ta ci ta tara, ta kuma hana ta harkar ba da bashi, bayan ta gano makarantar tana tallata cewa har kashi 86 na ɗalibanta na samun aiki, alhali lissafinta na cikin gida bai wuce kusan kashi 50 ba, wani lokaci ma 30. Ka ji fa, a Amurka ke nan inda akwai hukumar da za ta bi maka haƙƙi.

Sannan daga ƙarshen 2022 manyan kamfanoni suka shiga korar ma'aikata: Meta ta sallami 11,000 a Nuwamban 2022, a Janairun 2023 kuma Google ta sallami 12,000, Microsoft 10,000. Duk waɗannan ƙwararru ne da suka dawo layin neman aiki tare da ɗan koyo. A daidai wannan lokaci ne ChatGPT ya fito, a Nuwamban 2022, kuma irin ƙananan ayyukan da a da ake miƙa wa sabon shiga, yanzu ƙwararre ɗaya yana gamawa da taimakon irin waɗannan manhajoji kafin shayinsa ya huce.

A gida Najeriya ma an ga irin haka, tun ma kafin nan. Andela, wadda aka kafa a Legas a 2014 don horar da matasa barmaja, har gidauniyar mai Facebook ta jagoranci zuba mata dala miliyan 24 a 2016, a Satumban 2019 ta sallami ƙananan ma'aikata fiye da 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, ta ce masu ba ta kwangila manyan ƙwararru suke nema. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ai ka san abin yi da naka.

Abin da mu'askar ke bayarwa

Kada a ce na yi masa rashin adalci. Mu'askar na ƙwarai yana ba da abu huɗu da ke da wuyar samu ga mai koyo shi kaɗai a ɗaki. Na farko tsari, ya'ani ka san abin da za ka koya yau da na gobe, maimakon ka yi ta tsalle daga wannan bidiyo zuwa wancan. Na biyu malami da zai duba aikinka ya ce nan ka yi daidai, nan ka yi shirme. Na uku abokan karatu, waɗanda sau da yawa ta hannunsu ake jin labarin aiki na farko. Na huɗu kuma tilas, domin da yawanmu in ba a sa mana lokaci ba, sai gobe sai jibi har shekara ta ƙare.

Abin da ba ya bayarwa kuwa shi ne tushe da gogewa. Dubi masu tsiren unguwarmu, wanda Larabawa ke kira sire suna layi a kansa. Yaro zai iya koyon yanka nama da tsire shi a mako guda, amma sanin wuta, da sanin ƙuli da yajin da ya isa, sai ya shekara yana shan hayaƙi a gefen maigida. Haka barmaja take. A wata uku za ka iya haɗa shafin intanet da HTML da CSS da JavaScript, ya yi kyau a ido. Ranar da shafin ya tsaya cak, masu saye suna jira, babu malami a kusa, ranar ake sanin wanda ya iya.

Akwai kuma Turanci. Yawancinmu da Larabci muka yi karatu, Hausa muke yi a gida. Amma saƙon kuskure da kwamfuta ke fitarwa da Turanci yake, littafin bayanin kowace manhaja da Turanci yake, hirar ɗaukar aiki ma sau da yawa haka. Babu mu'askarin wata uku da zai toshe wannan rami, sai kai da kanka.

Wace takarda ce a aljihunka?

Nan ne maganarmu ta bambanta da ta ɗan Amurka ko ɗan Legas, kuma nan ne masu talla ba sa taɓawa. A Shara Mansur za ka sami samari uku, layi ɗaya aka haife su, ƙwallo ɗaya suka buga, Hausa da Larabci iri ɗaya suke yi, amma gaban doka mutum uku ne daban.

Na farko mai jinsiyya. Kai kam, ɗan uwa, ban ga dalilin da zai sa ka biya kuɗin mu'askar ba. Akwai Akademiyyar Tuwaiq da ke Riyad, wadda a 2021 ta gudanar da babban mu'askarin nan na Tuwaiq 1000, kuma akasarin shirye-shiryenta kyauta ne ga wanda ya ci jarabawar shiga. Akwai Akademiyyar Dijital ta Saudiyya ƙarƙashin ma'aikatar sadarwa. Ga 'yan uwa mata akwai makarantar masu barmaja ta Apple da aka buɗe a Riyad domin mata, da haɗin gwiwar Tuwaiq da Jami'ar Gimbiya Nura. Bayan haka doka tana bayanka: a Yunin 2021 aka fara aiki da ƙa'idar cewa duk kamfanin da ke da mutum 5 ko fiye a ayyukan sadarwa da fasahar kwamfuta, kashi 25 cikin ɗari su zama 'yan ƙasa, aka kuma sa riyal 7,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin da za a lissafa ƙwararre da shi. Ga kuma takardar aikin kai, wato wasiƙatul amalil hurr, wadda ɗan ƙasa ne ke samunta. A wajenka mu'askar riba ce, in ka yi da gaske. Wanda mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce shi ma ya bincika da kyau, domin a karatu da aiki doka ta ba shi da yawa daga cikin abin da ta ba ɗan ƙasa.

Na biyu mai iƙama, kuma nan ne da yawanmu muke. Kafin ka yi murna da tallar mu'askarin kyauta, gangara ƙasan shafin ka karanta sharuɗɗa, sau da yawa layin farko shi ne mai nema ya kasance Basa'ude. Saura na kuɗi. To mu ɗauka ka biya, ka gama, ka riƙe shahada. Mai iƙamar murafiƙ ba shi da izinin aiki sai ya koma ƙarƙashin kamfani. Shi kuma kamfanin, tun daga 2020, yana biyan riyal 700 zuwa 800 duk wata a kan ma'aikaci ajnabi. Ka sa kanka a matsayin mai kamfani: tunda dole zai biya wannan kuɗi, wa zai ɗauka tsakanin kai mai shahadar wata uku da Bamisire ko Ba'indiye mai digiri da gogewar shekara biyar? Sannan in ana son a rubuta maka injiniya a kan iƙama sai da rajistar Hukumar Injiniyoyi ta Saudiyya, ita kuma digiri take tambaya. Shahadar mu'askar ba ta shiga wannan ƙofa.

Shi ya sa nake ce wa mai iƙama, in dai akwai hanyar digiri, kada ka sake ta saboda gajeriyar hanya. Akwai minha ta cikin gida da jami'o'in gwamnati irin su Ummul Ƙura ke ba wasu mazauna masu iƙama, gurbin kaɗan ne amma yana nan, a nema. Mai fasfon Najeriya kuma da ke da dangin da za su riƙe shi, Jami'ar Bayero a Kano da ta Ahmadu Bello a Zariya duk suna koyar da kimiyyar kwamfuta. Gwamnatin Najeriya ma a ƙarshen 2023 ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku sana'o'in fasaha, wanda ya koma gida yana iya bibiyarsa.

Na uku shi ne wanda ba shi da takarda ko ɗaya, an haife shi a nan, bai san wata ƙasa ba, amma ganin motar jawazat yana sa shi canza layi. Ɗan uwa, da kai na fi tausayawa, kuma kai ne 'yan damfara suka fi hari da maganar "aiki daga gida, albashi da dala". Koyo dai ba ya tambayar iƙama, wannan gaskiya ne. Amma ranar biya dole a tambayi asusun banki mai sunanka, shi kuma asusu ba ya buɗuwa sai da shaida. Saboda haka kuɗin da za ka ba mu'askar, fara kai shi wajen neman fasfo, ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da na Nijar duk suna nan Jidda. Ka koya kyauta, ka gyara takarda, su tafi tare.

Mu yi lissafin kuɗi

Manyan mu'askarorin Amurka da ake yi ta intanet kuɗinsu yana kaiwa dala 10,000 zuwa 20,000. Mu ɗauki 15,000. A kan riyal 3.75 kowace dala, riyal 56,250 ke nan. Kowa a cikinmu ya san kuɗin murafiƙ da aka fara a Yulin 2017 da riyal 100 a wata, ya kai 400 a 2020, wato 4,800 a shekara. Ka ga kuɗin mu'askar ɗaya ya kusa biya wa mutum guda iƙamar shekara 12. Na cikin gida da na ƙasashen Larabawa ba su kai haka tsada ba, amma ko riyal dubu biyar ne, a gidan da uwa ke sayar da abinci, uba ke jiran lokacin Hajji ya sami na shekara, ai ba kuɗin gwaji ba ne. Ga kuma wata uku ko shida da za ka ajiye duk wani shugul da kake yi, shi ma a sa shi a lissafi.

Gwajin wata uku

Hausawa suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Shawarata ga kowa, ko wace takarda gare shi, ita ce ya yi wa kansa mu'askar na kyauta kafin ya biya kowa. Kayan aiki: kwamfutar cinya ko da ta hannu ce daga Haraj, da intanet, da awa biyu kullum, bayan Asuba ko bayan Isha.

Wurin koyo kuwa ba ya ƙarewa. Da Larabci akwai dandalin Satr na Tuwaiq, kyauta, akwai kuma darussan Elzero Web School a YouTube da matasan Larabawa da yawa suka fara da su. Da Turanci akwai freeCodeCamp da aka kafa a 2014, da CS50 na Jami'ar Harvard, wanda shi ne zai ba ka tushen da na ce mu'askar ba ya bayarwa. Ka zaɓi yare ɗaya, ko JavaScript ko Python, ka riƙe shi gam, kada ka biye wa masu gardamar wanne ya fi. Ka yi amfani da ChatGPT a matsayin malamin da za ka tambaya ya yi maka bayani, amma in shi ke rubuta maka aikin kana kwafa, wallahi kanka kake cuta.

Kafin wata ukun ya cika, ka gina abu ko da biyu ne da wani mai rai zai yi amfani da shi. Mai bakalar layinku yana rubuta bashi a littafi, yi masa ɗan shafin lissafi. Innarka uwar adashi ce, yi mata abin da zai nuna wanda ya zuba da wanda ke da kwasa. Ka ɗora su a GitHub inda kowa zai gani. Mai ɗaukar aiki ya fi yarda da abin da ya taɓa da hannunsa fiye da shahada mai zanen zinare.

In wata uku ya cika ka ga kana jin daɗin abin, har kana manta abinci saboda wani kuskure da ya ƙi gyaruwa, to kai ne mu'askar zai amfana, domin za ka shiga da tambayoyi a bakinka. In kuwa a mako na uku ka ajiye, ba abin kunya ba ne. Ka gano ba hanyarka ba ce, kuma ba ka yi asarar ko halala ba.

Kafin ka miƙa kuɗi

Wanda ya ci gwajin kuma ya yanke shawarar biya, ga abin da zai tambaya, kuma ya nemi amsa a rubuce. Shin makarantar tana da lasisi daga hukumar horar da sana'o'i ta ƙasa? Cikin waɗanda suka fara zangon bara, nawa suka gama, nawa suka sami aikin barmaja, kuma a cikinsu nawa ne masu iƙama irinka? Wannan ta ƙarshen ita ce mai muhimmanci, domin in duk waɗanda suka sami aikin 'yan ƙasa ne, lissafin ba naka ba ne. Za su haɗa ka da tsofaffin ɗalibai uku ka yi magana da su kai tsaye? Su wane ne malaman, sun taɓa aiki a kamfani ko su ma bara suka gama mu'askarin? In ka fasa a mako na biyu, nawa za a mayar maka? Duk wanda ya ce maka "aiki madmun ne" ko "rangwamen yau ne kaɗai", ka riƙe aljihunka ka yi masa sallama. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da muke da shi

Kada wani ya karanta wannan ya karaya. Muna da abin da Bamisiren da Ba'indiyen ba su da shi. A Agustan 2018 an yi gasar barmaja ta Hajji a Jidda, mutum 2,950 suka shiga har ta kafa tarihi a kundin Guinness, kuma waɗanda suka ci riyal miliyan ɗaya 'yan mata ne da suka yi manhajar Turjuman mai fassara wa alhazai allunan hanya. Ka duba da kyau, matsalar harshe suka warware. To Najeriya kaɗai an ba ta kujera 95,000 a Hajjin 2023, ban da Nijar da Gana, ban da masu Umara duk shekara, kuma kaso mai yawa cikinsu Hausa suke ji. Wa ya fi ɗan Mansur sanin inda tsohuwa 'yar Katsina ke ruɗewa tsakanin Misfala da Harami, ko abin da ke hana alhaji ɗan ƙauye gane manhajar Nusuk? Kamfanonin jigilar alhazai na Kano da Yamai suna buƙatar mai jin Larabci da Hausa da kwamfuta a lokaci guda, kuma irin wannan mutum ba a kan titi yake ba.

Kuma kada a ɗauka sai Riyad ake wannan harka. Salla, dandalin da dubban 'yan kasuwa ke buɗe shagon intanet a kansa, a nan Makka aka kafa shi a 2016.

Mu da muka ga yadda rusau ya ci sassan unguwanninmu, muka ga maƙwabta da aka yi wa tarhil da jaka ɗaya, mun fi kowa sanin darajar sana'ar da ba ta buƙatar shago. Barmaja tana cikin irin waɗannan, duk inda mutum ya sauka da ita zai sauka. Don haka a koye ta, amma a bi ta a hankali: kyauta tukuna, takarda ta biyu, mu'askar na uku in an ga buƙata. Sannu ba ta hana zuwa.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake samun aikin farko a dandali irin su Mostaql da Khamsat, da abin da doka ta yarda da wanda ba ta yarda ba ga mai iƙama. Wanda ya taɓa shiga mu'askar, ya ci riba ko ya yi asara, ya rubuto mana yadda ta kaya don ƙannenmu su amfana.